Yadda Ake Zaɓen Harshen da Za a Sake Rubuta Injin Wasa da Shi

Wasan intanet na rubutu zalla, wanda ake kira MUD, ya girmi da yawa daga masu kula da shi a yau. Roy Trubshaw ne ya fara rubuta na farko a 1978 a Jami'ar Essex da ke Ingila. Babu hoto, babu sauti. Ɗan wasa ya buga umarnin tafiya arewa, kwamfuta ta amsa masa cewa ya shiga daji, ga dodo a gabansa. A 1991 wasu ɗalibai a Jami'ar Kofanhegen ta ƙasar Denmak suka saki DikuMUD, wanda suka rubuta da harshen C, kuma daga tsatsonsa aka samu CircleMUD da Merc da ROM da SMAUG. Duk wanda ya gaji ɗaya daga cikin waɗannan injina, wata rana cikin dare zai yanke shawarar rushe shi ya sake ginawa daga tushe. Ciwon gado ne. Shi kansa Trubshaw sai da ya sake rubuta nasa da harshen BCPL, sannan ya miƙa wa Richard Bartle a 1980. Abin da ya rage shi ne zaɓen harshe, aikin da in an bi shi a tsanake zai iya cin shekara ba a rubuta layi ɗaya ba.

Mataki na farko shi ne a ƙidaya 'yan wasa, sannan a manta da adadin. Galibi ba su cika yatsun hannu biyu ba, kuma wasu daga cikinsu sun bar kwamfuta a kunne ne sun tafi barci. Injin ROM sau huɗu yake farkawa a daƙiƙa, CircleMUD sau goma, ya duba ko wani ya rubuta wani abu, ya tarar babu, ya koma ya kwanta. Kwamfutocin shekarun 1990 sun ɗauki wannan nauyi ba gumi. Duk da haka wajibi ne mai aikin ya kwashe makonni yana nazarin jadawalin gwajin sauri, don ya tabbatar harshen da zai zaɓa zai iya karɓar mutum miliyan a lokaci guda, idan Allah Ya kawo su.

Na biyu, a gwada Rust. Ya kai sigar 1.0 a 2015, kuma alkawarinsa gaskiya ne: irin faɗuwar da injin C ke yi da tsakar dare, saboda ya taɓa wani wuri a memori da aka riga aka 'yantar, ba za ta faru ba. Mai tsaron wannan alkawari shi ne mai binciken aro. Dokarsa gajeriya ce: kowane abu mai shi ɗaya ne, masu dubawa za su iya yin yawa, amma mai canzawa ɗaya tak a lokaci guda. Sai a kawo masa duniyar wasan. Takobi yana cikin jaka, jaka tana hannun ɗan wasa, ɗan wasa yana cikin ɗaki, ɗakin yana riƙe da sunayen waɗanda ke cikinsa, shi kuma ɗan wasan yana riƙe da adireshin ɗakin. Ga dodo yana dukan ɗan wasa, ɗan wasa yana dukan dodo, kowa yana rage wa ɗan'uwansa jini a zagaye guda. To wa ya mallaki wa? Mai binciken aro kamar maƙwabciya ce da ta ara wa mutum turmi ta tsaya a kansa har ya gama daka, ta kuma hana kowa taɓa taɓarya. Za a shafe mako ana lulluɓe abubuwa da Rc da RefCell da Weak, har layin da ke cewa "ɗauki takobi" ya fi takobin tsawo. Daga ƙarshe masana za su ba da mafita: a daina riƙe abubuwa kai tsaye, a ba kowane ɗaki da kowane dodo lamba, a riƙa nemansu da lambar. Wato abin da ɗaliban Kofanhegen suka sa a fayilolinsu tun farko, inda haikalin birnin Midgaard na cikin wasan yake ɗaki mai lamba 3001. An sha wuya an zagayo gida. Wannan ba dalilin barin Rust ba ne, domin zuwa lokacin an riga an sanar wa kowa cewa shi aka zaɓa.

Na uku, Go, wanda Google ta fitar a 2009. Yana da sauƙin koyo, yana da mai kwashe shara da ke tsaftace memori da kansa, kuma bai wa kowane ɗan wasa nasa layin aiki abu ne na minti biyar. Aibinsa shi ne ya dace da aikin, ga shi bayan kowane layi sai an tsaya an tambaya ko an samu kuskure. Ba ya ba mutum labarin da zai bayar a majalisa. A wuce.

Python kuwa akwai haɗari a cikinsa, sunan haɗarin Evennia. Wannan shiryayyen injin MUD ne da aka gina a kan Twisted da Django, kyauta, yana aiki, har da shiga ta shafin yanar gizo. Kada a kuskura a duba shi, don mai dubawa zai iya gama aikin cikin wata guda ya rasa abin yi. Uzuri mafi inganci shi ne a ce Python ba shi da sauri. A kuma tuna wa jama'a cewa ƙaura daga Python 2 zuwa 3 ta faro a 2008, ba a rufe tsohon ba sai farkon 2020, alhali C ɗin da aka rubuta a 1991 har yau yana tashi, ko da kuwa da tulin gargaɗi.

Na huɗu, ko na biyar, JavaScript. A Maris 2016 wani marubucin manhaja ya janye ƙaramin kunshinsa mai suna left-pad, layi 11 kacal, manyan ayyuka a duniya suka daina haɗuwa. Wanda ya zaɓi wannan hanya zai ga jakar kayan da ya sauko da su ta fi dukkan dazuzzuka da biranen wasansa girma tun kafin a buɗe ƙofa. Erlang, da aka soma a kamfanin Ericsson a 1986 don na'urorin tarho, an yi shi ne daidai don dubban mutane masu haɗe a lokaci guda, yana kuma karɓar sabon gyara ba tare da an kashe shi ba. Shi ne amsar da ta fi dacewa a takarda. Abokin nan guda ɗaya da yake taimakawa da gyare-gyare ran Asabar ba zai koye shi ba. An janye shawarar.

Akwai dai ƙorafi ɗaya na gaske, wanda ba na wasa ba. Tsofaffin injinan nan sun ɗauka kowane harafi ma'auni ɗaya ne na bayit, kuma CircleMUD yakan zubar da duk abin da ba ya cikin jerin ASCII tun daga bakin ƙofa. Haruffan ɓ da ɗ da ƙ kuwa bayit biyu-biyu suke ci a tsarin UTF-8. Saboda haka Ɗanjuma ya shiga wasa, inji ya sare masa kai ya mayar da shi Anjuma. A cire shingen kuma, sai jadawalin maki ya karkace, domin ana ƙirga bayit ana zaton harafi ne, sai yankan layi ya raba harafi gida biyu ya bar tarkace a allo. Shekara talatin da ɗoriya, injin da ya san nauyin kowane sulke da farashin kowace gurasa a Midgaard bai iya rubuta sunan mutum daidai ba! Gyaran ba ya wuce bin wasu wurare ƙalilan da ake ƙirga tsawon rubutu, aikin ƙarshen mako. Amma allura ce, kuma aikin allura shi ne tono garma.

A daidai nan ne wani zai turo maƙalar da Joel Spolsky ya rubuta a 2000, inda ya kafa hujja da Netscape, kamfanin da ya watsar da tsohon aikinsa ya faro sabo, aka tashi daga siga ta 4 zuwa ta 6 bayan kusan shekara uku, kasuwa ta riga ta watse. Wani kuma zai ambaci Fred Brooks, wanda ya bayyana tun 1975 cewa gini na biyu shi ne wanda magini ke cusa wa duk burin da ya danne a na farko. A yi musu godiya. Su kamfani suke magana a kai, wannan kuwa aikin sha'awa ne, babu kasuwar da za ta watse. Akwai dai 'yan wasan da suka saba da kowane lahani na tsohon inji. Idan sabon ya gyara kuskuren da ya sa wani tsafi yake duka sau biyu, za su kira shi gyaran gangar Auzinawa, su nemi a mayar musu da kuskurensu.

Ko wane harshe aka tsayar, manhajar farko da za a rubuta ita ce mai karanta tsofaffin fayilolin duniya. A tsarin Diku kowane bayani da alamar ~ yake ƙarewa: sunan ɗaki, ~, bayanin ɗaki, ~, sai jerin lambobi da haruffan da ma'anarsu ke cikin kan wanda ya bar wasan tuntuni. Magina daban-daban sun yi shekaru suna gyara su da hannu. Idan alama ɗaya ta ɓace, inji zai haɗiye ɗakin da ke biye a matsayin bayani, ya ci gaba da tafiya, sai can gaba ya faɗi yana nuna layin da ba shi da laifi. Rust ma a kan wannan fayil zai tsaya, Go ma haka, Erlang ma haka. Bambancin kawai, saƙon kuskuren Rust ya fi tsawo, kuma yana zuwa da launi.