Wankin Da Ake Yi Wa Barewa

A Amurka akwai magidantan da za su shekara ba su san inda ake kunna injin wankin gidansu ba. Amma da kaka ta kama, ganye ya fara zuba, sai ka ga maigida ya naɗe hannun riga ya ce wa uwargida ta ba shi wuri. Lokacin farautar barewa ne ya ƙarato. A jihar Michigan ranar 15 ga Nuwamba ake buɗe farauta da bindiga, a Wisconsin kuwa kwana 9 kacal ake bayarwa, kuma babu mai son warin hammatarsa ya ci masa ko wuni ɗaya.

Barewar can mai farin bindi hancinta ne jarinta. Tun kafin ta gan ka ta riga ta san ka zo, ta san me ka karya da shi. Don haka sai a fara da wanke injin wankin shi kansa, babu kaya a ciki, don a fitar da ƙamshin omon uwargida. Wannan omon da ya shekara yana wanke masa kaya ba tare da ko sannu ba, yau shi ne abokin gaba. Laifinsa biyu: yana da ƙamshi, kuma akwai sinadarin da ke sa tufafi haske, wanda mafarauta suka ce idon barewa na hango shi. Sai a sayo sabulu na musamman, irin su Scent Killer ko Dead Down Wind, a biya kuɗi mai kauri don a sayi rashin ƙamshi. Mai ƙaramin ƙarfi ya zuba hodar soda ya yi shiru.

Shanya kuma sai a waje, nesa da kicin, nesa da hayaƙin mota. In ta bushe a cusa ta cikin babbar roba mai murfi, a zuba busasshen ganye da rassan itace, a rufe ruf. Wasu har wani ɗan faifai suke saye mai warin ƙasa su jefa ciki. Ƙasa dai, wadda ke kwance kyauta a ƙofar gida. Kaiton yaron da ya buɗe robar nan da hannun da ya ci soyayyen dankali!

Ranar fita, maigida ya yi wanka da sabulu marar ƙamshi, ya hana uwargida ta raɓe shi don ta shafa mai. Ba zai sa kayan a gida ba, kada su ɗauki warin mota. Sai ya isa bakin daji da asuba, cikin sanyi mai daskarar da ruwa, ya tuɓe a bayan mota yana karkarwa, haƙora na haɗuwa, ya sa tufafinsa masu tsarki. Daga nan sai ya zaro wata 'yar kwalba ya yayyafa a kusa da shi. Fitsarin macen barewa ne, na sayarwa, har da suna da lamba: Tink's 69. Mutumin da ya yi fushi da turaren matarsa ke nan. Abin ya kai jihar Bajiniya ta hana amfani da fitsarin na gaske a 2015 saboda wata cutar barewa, sai masu kamfani suka ce ba komai, ga na haɗi.

Har kotu an je. A 2007 wasu mafarauta a Minnesota suka kai ƙarar masu yin tufafin Scent-Lok, waɗanda aka saka wa gawayi a ciki, wai an ce musu yana kawar da wari, ga shi barewa na ta gudunsu. Alƙalin farko ya ba su gaskiya a kan tallar a 2010, kotun ɗaukaka ƙara ta warware hukuncin a 2011. Barewar da ta fi kowa sanin gaskiyar magana ba a kira ta shaida ba.

Maharbanmu na gargajiya za su yi dariya har da hawaye. Rigarsu ta sha layu da gumin shekaru, ba ta san sabulu ba, kuma ba su fasa dawowa da gada ba. Mutum ya ɗebi ƙura ya saki, ya ga inda iska ta nufa, ya zagaya ta ƙasanta. Shi ma Ba'amurke ya san da wannan dabarar, sai dai tasa ƙurar a kanti ake sayar da ita, cikin roba mai tsinin baki.

To ga maigida can bisa bishiya, sanye da rigar ruwan lemo da doka ta wajabta don kada wani maharbi ya ɗauke shi nama. Ba ya wari ko kaɗan, in ban da kofin da ya sha, da naman aladen da ya soya, da man fetur ɗin da ya taka a gidan mai. Iska ta juya. Barewa ta ɗaga kai, ta yi atishawar nan tata, ta ɗaga farin bindi ta nausa daji. Da yamma ya shigo gida hannu rabbana, fuska a murtuke, yana tambayar wanda ya taɓa masa tawul.