Zuwa ga Jirgin Ƙasan Abuja, Daga Garin da Ya Ba da Aron Suna

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan ƙafafunka na ƙarfe suna lafiya. Wannan takarda daga Suleja take, garin da tun 1828 ake kira Abuja, har aka kafa sabon babban birni a 1976 aka karɓi sunan, mu kuma muka koma amsa sunan Sarki Sulaimanu Barau. A nan ma'aikatan da suka gina birnin suka fara sauka, shi ya sa har gobe muke da unguwar Field Base. Wanda ya ba da suna ya ba da masauki, ai ya isa ya yi maka ƙorafi.

An buɗe ka a Yulin 2018, ka kwanta a 2020 da zuwan korona, sai a Mayun 2024 aka tashe ka da kiɗa da jawabai. Barka da tashi. Sai dai mun duba inda kake bi: Idu, filin jirgin sama, Dei-Dei, Kagini, ka tsaya a Gbazango ta Kubwa ka juya, kamar wanda ya hango mai binsa bashi. Yayanka mai zuwa Kaduna tun 2016 shi ma ta Kubwa da Jere yake sulalewa. Alhali masu buɗe ofisoshin Abuja da masu share su, da direbobi da 'yan kasuwar Wuse, da yawansu a Suleja da Madalla da Gauraka suke kwana, domin kuɗin haya a Garki ba na mai ƙaramin albashi ba ne. Ka zo Madalla bayan sallar asuba ka gani: ƙaramar mota mai kujeru biyar, mutum biyu a gaba, huɗu a baya, kowa da jakarsa a cinya, an jera ana tafiyar hawainiya a gindin Dutsen Zuma, salansa na tofar da baƙin hayaƙi a fuskar mai sayar da ƙosai. Masana suna taro a otal-otal suna maganar birni mai ƙarancin hayaƙi, amma wannan hayaƙin tazarar da ke tsakanin katifar ma'aikaci da teburinsa ce ta haife shi. Birnin da ya ajiye aiki a wuri guda ya tura masu aikin kwana a wata jiha ya yanke wa kansa hukuncin ƙona fetur safe da yamma. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, aljihu ma ya shiga sahun masu tari.

Za ka ce Suleja jihar Neja ce, kai kuwa ɗan Babban Birnin Tarayya ne. To, hayaƙi ba ya tsayawa a Zuba ya nuna takarda, ma'aikaci ma haka. Iyakar a taswira kawai take, kuma Minna da Abuja ba su rasa teburin zama. Za ka ce an faɗaɗa titin Kubwa. An faɗaɗa, motoci suka ƙaru suka cike shi, don titi kamar tabarma ne a gidan biki, duk yadda ka shimfiɗa sai an zauna. Masu cewa motocin gas sun wadatar suna da rabin gaskiya: hayaƙinsu ya fi sauƙi, amma motar gas a cunkoso, cunkoso ce. Kai ma mun san dizal kake sha, ba mu manta ba, sai dai tarago ɗaya mai ɗauke da jama'a ya fi jerin motoci masu ɗaukar shida-shida tsimin mai nesa ba kusa ba.

Mu ma fa da laifinmu, kada ka ce mun ɓoye. Garin nan ya bazu ta ko'ina ba tsari, ana yanka fuloti kafin a san inda hanya za ta bi, har sai mutum ya hau acaɓa ya biya kafin ya kai tasha. Ko ka zo yau, in aka dasa tasharka a daji, kujerunka za su yi ta hamma. Birnin Kuritiba na Barazil tun 1974 ya gane wannan: ya ware wa manyan bas hanyarsu, ya ba da izinin gina benaye masu tsawo a bakin hanyar kaɗai, sai gidaje da shaguna suka taru inda abin hawa yake. Legas ta ɗauki rabin darasin a 2008 da ta ware wa bas layinsu. Abin da Suleja take bukata ke nan: a tsayar da inda tasha za ta zauna tun yanzu, a killace filin kafin dillalai su ji labari, a jawo kasuwa da gidajen haya da makaranta su zagaye ta, yadda mutum zai fito da ƙafa ya same ka.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ka ƙara gaba kaɗan daga Gbazango, ka biyo ta Zuba da Madalla. Idan kuma ba ka zuwa, ka gaya wa masu gidanka su dawo mana da sunanmu.

Naka, mai jira a bakin titi, daga Suleja.