Albasar Galmi Tana Cikin Miliyan Goma Sha Shida

Kawuna dillalin albasa ne a Birnin Konni. Daga Galmi yake lodi, motoci su nufi Akara da Abijan. Da masu saye suka dame shi da tambayar shafinsa na intanet, sai ya tuna akwai ɗan ƙanwarsa da ya ci kuɗin makaranta. Sharaɗinsa ɗaya ne: bangon shafin ya fito da launin albasar Galmi sak.

A CSS, yaren da ake yi wa shafi kwalliya da shi, launi lamba ne: alamar # da gurabe shida, biyu na ja, biyu na kore, biyu na shuɗi. Shunayya #800080 ce. Ka ɗan sauya musu wuri ta koma #808000, ka samu ruwan miyar kuka. A Notepad ido ba ya ganin ko ɗaya, sai baƙin rubutu. Nan darajata take. Kawu ya leƙo, ya ga lambobi, ya ce "Allah shi ƙara basira," ya aiko mini da shayi da kilishi.

Ana haka wani abokina daga Malbaza ya saka mini VS Code, manhajar da Microsoft ya fitar a 2015. Ita kuwa ba ta iya rufa asiri ba. Gefen kowace lamba sai ta zana ɗan akwati mai launin, ka kai linzami kansa kuma faifan zaɓen launi ya buɗe.

"Tsaya, ɗana! Wanga ɗan akwati mi ne?"

"Launin da kuka ce ne, Kawu."

"Wagga ce albasata?"

Ya sa aka kwance buhu, ya ɗauko guda ya manna a jikin allon. "Ƙara ja." Na ƙara. "Kai, tumatir nike saidawa?" Na rage. Don in kashe maganar, na ce masa kowane launi hawa 256 ne, jimla launuka 16,777,216. Ya gyara zama. "Madalla. Tamu tana ciki ke nan. Nemo ta."

Kafin azahar rumfa ta cika. 'Yan dako suka ce launin ɓawon waje ake so. Mai awo ya ce ai na ciki ake ci. Direban tirela ya rantse kafin kaya su kai Abijan launi ya sake, don haka a yi na Abijan. Aka kawo wuƙa, aka shiga yanka ana gwadawa da allo, ɓari bayan ɓari. Ga garada sun kewaye kwamfuta, kowa hawaye shaɓe-shaɓe, Kawu yana share ido da bakin rawani. Wani dattijo da ke wucewa ya cire takalmi, ya durƙusa, ya ce, "Ya haƙuri? Yaushe aka yi rashin?"

Da la'asar aka daidaita a kan launi ɗaya, aka yi fatiha. Na tura wa Kawu a wayarsa, mai fasasshen gilashi da ya rage wa haske don tattalin caji. Ya duba, ya juya ta, ya sake dubawa.

"Wanga goro ne. Bar shi fari, ka sa hoton buhu da lambata."

Na rubuta #FFFFFF. Ladan aikina kuwa aka juye mini shi a daro: duk albasar da aka yanka.