Bazazzagi da Sauka Goma a Wata Ɗaya

Malam Bazazzagi, bawana na gado. Na ce bari in riga ka tun kafin Sarkin Musulmi ya ba da sanarwar ganin wata, domin takardar nan da ka yar a kujerar motata ranar da na kai ka tashar Unguwa Uku tana hannuna, kuma na karance ta tas. Kada ka ce na yi maka leƙen asiri, ai bawa da abin da ya mallaka duk na ubangidansa ne.

A saman takardar ka rubuta "Ƙudurin Azumin Bana" da jan biro, har da ja masa layi biyu. Saukar Alƙur'ani sau goma. Asham a sahun farko kullum, daidai bayan liman. Tahajjud tun daga daren farko. Tafsiri uku a yini. Haddar Baƙara. Ciyar da mutum hamsin kowace rana. I'itikafi na kwana goma. Can ƙasa kuma, da 'yan mitsi-mitsin haruffa kamar mai jin kunya, ka ƙara da cewa ba za ka sake taɓa waya ba sai bayan salla. Na yi dariya har maigadin layinmu ya leƙo ya tambaya ko lafiya.

To, ni Bakano ne, lissafi a nono muka sha shi, don haka zauna in buga maka. Alƙur'ani izu sittin ne. Sauka goma ta zama izu 600, ka raba wa kwana talatin, kowace rana tana bin ka izu ashirin. Bugun Madina da kake riƙewa shafi 604 ne, izu ɗaya kusan shafi goma, wato shafi 200 ke nan kullum. Kai da na sani, izu guda yakan ci maka rabin awa, in ba ka tsaya goge tabarau ba. Awa goma ta tafi. Tafsiri uku su kwashe wajen awa biyar. Ga asham, ga tahajjud, ga ofis da ke biyan ka albashi, ga barcin nan naka na bayan azahar da ko gobara ba ta katse shi. Na juya lissafin ta gaba ta baya, na ga sai an ƙaro maka awa goma sha biyu a kowace rana, kuma ko a Kasuwar Kurmi, inda ake samun komai, ban ga mai sayar da awa ba. In watan ya yi nuƙusani ya tsaya a 29 kuwa, sai dai a yi maka jaje.

Littafin da aka saukar daki-daki cikin shekara 23, kai ne za ka ratsa shi sau goma tsakanin ƙosai da kunun tsamiya? Na san akwai bayin Allah, gardawa da alarammomi, da suke yin abin da ya fi haka. Amma su shekara suke yi suna tilawa, harshensu ya saba. Kai kuwa tun sallar bara rabon da ka buɗe naka, sai da uwargida ta kakkaɓe masa ƙura.

Ba ƙage nake maka ba, bara da idona na gani. Ranar uku ga azumi na zo Zariya muka sha ruwa tare. Ana kiran magariba ka fara da dabino kamar mutumin kirki, daga nan sai ka sauka daga kan sunna. Ƙosai na ƙirga sha biyu kafin in gaji da ƙirga. Kunun gyaɗa kofi biyu, alale, dankali da ƙwai, kankana, ka kora da zoɓo mai ƙanƙara, sannan ka tambaya ko tuwo ya sauka. Muka tafi asham kana tafiya kamar mai ɗauke da buhun masara. A raka'a ta huɗu jama'a suka ɗago daga sujada, kai ba ka ɗago ba. Na ɗauka khushu'i ne ya kama ka, har na fara jin kunyar kaina, sai na ji minshari. Da salla ta zo na koma yi muku barka, na buɗe Alƙur'aninka, zaren alama yana nan cikin Suratun Nisa'i. Sauka bakwai ka ƙudura a baran. Da ta gagara, sai ka ga maganinta shi ne bana ka mai da ita goma.

Magabata sun gama karantar irinku tuntuni, shi ya sa suka raba watan uku: goma ta marmari, goma ta wuya, goma ta ɗokin salla. A goman farko masallaci ba masaka tsinke, har kan titi ake shimfiɗa tabarmi. Da yara sun fara tashe sai sahu ya fara zaizayewa. Goman ƙarshe kuwa, wadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fi dagewa a cikinta, wadda ake neman Lailatul Ƙadari a dararenta na mara, ita ce za ka tarar da mutane sun tare a shagon tela suna rigimar ɗinki. Wanda ya zuba duk ƙarfinsa a marmari, da me zai shiga goman da ta fi tsada? Ko dokin sukuwa ba a sake masa linzami tun daga bakin ƙofa.

Abin da ya fi ba ni mamaki, daga garin malaman Kona da Juma ka fito, amma sai Bakano ɗan kasuwa ne zai tuna maka labarin Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi. Saurayi ne mai ƙarfi, ya ɗora wa kansa azumi kullum da sauka kowane dare. Annabi ya umarce shi ya riƙa sauka sau ɗaya a wata. Ya ce yana da ƙarfin fiye da haka, aka yi ta rage masa har aka tsaya a kwana bakwai. Da tsufa ya kama shi sai ya riƙa cewa ina ma ya karɓi rangwamen da aka yi masa tun farko. Haka nan igiyar da Nana Zainab ta ɗaura tsakanin ginshiƙai biyu a masallaci don ta riƙa kamawa in ta gaji da tsayuwa, Annabi cewa ya yi a kwance ta, kowa ya yi salla gwargwadon nishaɗinsa, in ya gaji ya zauna. Kuma sananne ne a hadisin Nana A'isha cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa, komai ƙanƙantarsa. Sahabi ke nan aka ce ya sassauta, balle kai da hawa benen ofis yake sa ka haki.

Ga abin da na yanke maka, a matsayina na ubangidanka. Shafi huɗu bayan kowace sallar farilla. Huɗu sau biyar ashirin, izu biyu ke nan a yini, ranar talatin ka kai Nasi. Ka ƙara shafi ɗaya bayan sahur saboda halin wata. Sauka ɗaya ce tal, amma za ka san abin da ka karanta, har ka samu sukunin duba fassarar ayar da ta tsaya maka a rai. Tafsiri ka zaɓi guda ka lazimce shi daga farko har rufewa, ya fi yawon nan da kuke yi daga wannan malami zuwa wancan don a ji wa ya fi iya raddi.

Ciyar da mutum hamsin kuwa, Malam, da wane kuɗin? Ragowar kuɗin shaddar da na ɗauko maka a Kantin Kwari tun sallar bara har yau ban gan su ba. Ka fara da mutum ɗaya. Akwai tsohon nan mai facin taya a bakin layinku, na lura da ruwan leda kawai yake buɗa-baki. Kwano ɗaya kullum har wata ya ƙare, ba tare da ka ɗauki hoto ba.

Akwai kuma abin da ban gani a takardarka ba sam, wato uwargida. Tun azahar take tsaye a gaban murhu da azumi a bakinta, tana haɗa maka abinci kala shida, kai kana ɗaki kana lissafin lada. Ita ba ta son izu biyun ne? Ka rage kalolin nan zuwa biyu, ta samu ta zauna da nata Alƙur'anin, kai ma ka daina barci a sujada. Sannan majalisar nan taku ta bayan la'asar, inda kuke cin naman mutane ɗanye alhali ko ruwa ba ku isa ku sha ba, ita ma ban ga ka sa ta cikin abin da za a bari ba. Wayar da ka ce za ka jingine wata guda, na san ko yini ba za ta yi ba. Ka dai kashe ta daga kiran isha'i zuwa a idar da asham.

Kada ka ce na fi ƙarfin a yi mini wa'azi. Tawa takardar layi biyu ce. Izu biyun nan, da kuma daina rantsuwa a kan farashi. Ka san halinmu, "wallahi ko uwar kuɗi ban mayar ba" tana fita daga bakin Bakano tun kafin mai saye ya taya. Yaran shagona har sun fara gardama a kan ko zan kai kwana uku.

Ran sha biyar ga wata ina jiran ka a Kano mu sha ruwa tare, ƙosai biyar zan sa a ƙirga maka. Ka taho da Alƙur'aninka in duba zaren da kaina, in ka bi lissafina zan same shi a cikin Kahfi. Ka kuma haɗo da kuɗin shaddata, don tela ya ce daga ashirin ga wata ba ya karɓar ɗinki.