Kowace Fada Da Ibronta

Ali Nuhu ya fito a fina-finai ɗaruruwa, kuma daga tashar Madawa har ƙauyukan da ke kan duwatsun Buza da wuya ka samu wanda bai san fuskarsa ba. To amma tara samari goma a gindin bedi ka ce su kawo maka sunaye biyar da ya taɓa amsawa a cikin fim, za a yi ta sosa ƙeya. Sai ka juya tambayar, ka ce mene ne sunan Kamaye na yanka. Nan ma shiru, alhali kowa ya san yadda Kamaye ke marairaicewa in matarsa Adama ta taso shi gaba da maganar cefane. Sunan bawan Allah Ɗan'azumi Baba, amma shirin Daɗin Kowa na tashar Arewa24 ya karɓe masa suna ya ba shi wani. Na farkon tauraro ne, ana sha'awarsa daga nesa. Na biyun kuwa an ɗauke shi an kai gida, don akwai irinsa a bayan dangar kowa. A ganina mutumin cikin fim ba ya zama a bakin jama'a sai ya zo da aibi guda wanda ba ya jin magani, aibin da tun tuni mun san mai shi a unguwa, muna dai jiran wanda zai raɗa masa suna.

Ku duba Ibro. Marigayi Rabilu Musa ya yi aikin gandiroba kafin ya koma wasa, ya rasu a watan Disamba na 2014, amma har gobe kowace fada a Madawa da Ibronta. Shi ne wanda bai taɓa sa ko dala a kuɗin sukari ba, kuma shi ke karɓar kofin farko na shayi, mai ɗacin nan da ake ba manya. Ya san dalilin tsadar taki, ya san abin da shugaban Amurka ya faɗa wa matarsa jiya da dare, ya san maganin basir. Mai kanti ya tare shi ya ce, "Kai Ibro, ina jikkata biyu?" Sai ya dafa ƙirji ya ce, "Haba yaya, mi ya yi zahi? Kuɗɗinka na wurina, ai sun hi tsaro." Kafin a rabu mai kanti ya yi dariya har da ƙwalla, ya kuma ƙara masa ashana bashi. Sirrin Ibron fim ke nan: jar hula, zare ido, da jahilcin da ke tafe da ƙarfin hali. An sa shi ya zama Ibro Awilo, an sa shi ya zama Ibro Usama, an yi Ibro Ɗan Fulani, ko wace riga aka sa masa Ibro ne a ciki. Da ya shiryu a ƙarshen wani fim ya kama sana'a, da an daɗe da mantawa da shi.

Samanja shi ma bai mutu ba, ko da yake Usman Baba Pategi, tsohon sojan da ya yi shi a rediyo da talabijin na Kaduna, ya riga mu gidan gaskiya a 2023. Samanjanmu na nan sau da yawa ko ƙofar bariki bai taɓa shiga ba. Gadin rumbun albasa yake yi, amma ya samo tsofaffin takalman soja a gwanjo, ya tara gashin baki, ya rataya usur. Ranar suna ko walima ba wanda ya naɗa shi, za ka gan shi da tsumagiya yana jera yara layi, yana ba da oda cikin Faransancin da Faransawa ba su san da shi ba. Abu guda ke sauke masa kafaɗa, muryar matarsa daga cikin gida.

Akwai wani iri da mu mutanen Adar muka fi kowa saninsa, kuma namu ne ya fara kama shi da kyamara. A 1966 Mustapha Alassane, wanda ya zauna a Tawa shekaru masu yawa kafin rasuwarsa a 2015, ya yi fim a kan wani saurayi da ya dawo daga ƙetare da akwati cike da kayan kaboyi. Ya raba wa abokansa huluna da bindigogi, kowa ya ɗauki sunan Bature, suka hau dawaki suka hana gari sakat. Shekara kusan sittin ke nan, kuma saurayin nan bai fasa dawowa ba, doki kawai ya canza da babur. Shi ne ɗan bida da ya sauka daga Abijan ko Libiya gab da damina, da baƙin tabarau har bayan isha'i, da salula biyu, ɗaya ba ta da layi. Satin farko shi ke sayen nama a fada, yana tambayar sunan abubuwan da ya tashi a cikinsu, wai ya manta. Mahaifiyarsa ta miƙo masa fura ya ce cikinsa ya daina ɗauka. Kafin a gama noman farko an sai da salula ɗaya, tabarau ya koma hannun ƙanensa, ga shi nan duƙe da kalme yana shan furar da ludayi biyu. Ban cika yi masa dariya da yawa ba, don na san irin wuyar da ya sha a can kafin ya tara kuɗin tabarau ɗin, kuma buhun geron da gidansu ya ci a bazara shi ya aiko da kuɗinsa.

Malam Nata'ala kuwa sai a yi hattara, don masu kama da shi suna da almajirai da masu kare su. A Daɗin Kowa malami ne mai mata da yawa da son abin hannun mutane, kuma abin da ya sa ya shiga ran jama'a shi ne bai taɓa ganin laifin kansa ba. Kowane kwaɗayi nasa yana da hujja. Namu na nan in an kawo sadakar zakara sai ya ɗaga shi ya auna nauyi kafin ya san tsawon addu'ar da za a yi. In aka zo rabon gado yakan tuna cewa marigayin ya taɓa yi masa alkawarin tunkiya, ba shaida sai Allah. Malaman kirki sun fi yawa nesa ba kusa ba, su ma kuma suna dariyar Nata'ala, don sun san shi tun suna tsangaya ɗaya.

Adama ce nake ganin an zalunta. Duk macen da ta ɗaga murya a kan kuɗin cefane yanzu sai a ce Adamar Kamaye, maza na tafawa. To a ƙauyukan Buza da Keita, inda maza ke watsewa bida da zarar an ɗaure damman gero, wa ke riƙe gida wata bakwai ko takwas? Ita ce ke saƙar tabarma, ita ke kiwon 'yan awaki, ita ke zuwa wurin mai kanti da fuskar roƙo. Maigida ya dawo da rediyo da labarin teku, ta tambaye shi abin da ya kawo, shi ke nan ta zama Adama. Masu rubuta shirin sun fi 'yan kallo adalci, don sun nuna cewa Kamayen ma ba kanwar lasa ba ne wajen kasawa. Matan da na sani in ana kallon ba dariya kaɗai suke yi ba, har da gyaɗa kai.

Sai bos, wato mugun fim. Yaran da suka biya dala biyar suka zauna kan benci a gidan bidiyo, janareto na ruri a baya, sun manta yadda aka yi jarumi ya auri yarinyar, amma ba su manta Gabbar Singh na fim ɗin Sholay na 1975 ba, balle Mogambo da Amrish Puri ya yi a 1987. Mugu ba ya gaggawa, ba ya ɗaga murya sai ya ga dama, kuma yana jin daɗin aikinsa. Je ka fadamar Tarka lokacin da albasa ta yi yawa kasuwa ta faɗi, ka ga dillali zaune kan buhu yana sakace. Manomi ya yi wata huɗu yana ban ruwa, ya ci bashin mai da na taki. Dillali ya ɗauki albasa guda, ya juya ta, ya latsa wuyanta da babban yatsa, ya ajiye ba tare da ya ce uffan ba. Can ya ce, "Baba, wagga ba ta kai Abijan, ruɓewa za ta yi a hanya." Sannan ya sa a cika buhu har a ɗinka masa hula, kuɗin kuwa na buhu ɗaya ne. Ba wanda ya kira shi Mogambo a gabansa, saboda baɗi ma shi za a nema. Shi da Baba Ɗan Audu na shirin Labarina, wanda Rabi'u Rikadawa ya fito a matsayinsa, 'yan gida ɗaya ne, sai dai shi Baba da zaƙin baki yake yanka.

Jarumin soyayya, mai gashi a kwance da waƙa a cikin lambu, ba a samu wanda za a laƙaba wa sunansa ba. An dai yi aski irin nasa wata biyu.

Alƙaliyar dukan waɗannan ita ce Inna, tsohuwar da ke zaune gaban tele a wani gida a Tamaske ko Ibohaman, jikoki kewaye da ita, batirin sola na kukan ƙarewa. Tana cikin matan da suka ɗauki duwatsu a ka lokacin aikin farfaɗo da ƙasa na Keita, wanda aka fara a 1984 da kuɗin Italiya, saboda haka ba ta da haƙuri da yarinyar da ke kuka a kan kujerar falo don saurayi bai kira ta ba. Tun zamanin wasannin Yazi Dogo a Tele Sahel take gardama da akwatin. Kishiya ta zuba magani a abinci, Inna ta miƙe tsaye: "Ke ɗiyata, kak ki ci! Na gane ta da idona!" Yarinya ta ci, Inna ta yi tsaki ta ce ai ga irinta nan, 'ya'yan yanzu ba su jin magana. An gaya mata sau nawa cewa wasa ne, ta ce ta sani, amma mai wannan hali ba a wasa ya koye shi ba. Wanda duk Inna ta tsine wa, ko ta ce "wanga ai wane ne na bakin kasuwa", ya gama samun shiga. Wanda ta yi gyangyaɗi a kansa kuwa, ko an kashe miliyan nawa a fim ɗin, ba zai kwana a gari ba.

Na san tun ɗazu kana karantawa kana rarraba sunayen nan ga maƙwabta da surukai, kowa ka ba shi nasa. Kai ma an ba ka naka tuntuni, ba a dai faɗa a gabanka. In kana son ji, kira ƙaramin yaron gidanku gefe ka ba shi dala goma.