Sannunku da Musu, 'Yan Teburin Mai Shayi

Na san halinku. Tun ban gama sallama ba, Malam na ƙarshen benci ya taɓe baki: "Wai sauyin yanayi? Ba wani nan. Zafi tun zamanin kakanni ake shan sa." Gaskiyarka, ranka ya daɗe, kakanka ya sha zafi. Amma a gindin tsamiya ya sha shi. Kai kuwa ka sayar wa masu gawayi tsamiyar, ka sayo fanka, ga ka nan kana fifita da kwali kana jiran a kawo wuta.

Na kusa da shi ya fi shi boko, saboda haka musunsa ya fi tsada. Shi cewa yake Turawa ne suka ɓata duniya. To Alhaji, wani Baturen ma ya riga ka faɗa. A 1967 Lynn White, masanin tarihi ɗan Amurka, ya rubuta a mujallar Science cewa cutar daga tunani ta faro: mutanen Yamma sun naɗa ɗan Adam sarki, suka mai da sauran halitta bayinsa, kogi da daji ba su da wata alfarma sai abin da za a tatsa a jikinsu. Shekara na zagayowa Seyyed Hossein Nasr, ɗan Iran, ya fitar da littafi yana cewa ciwon na ruhi ne, an tuɓe wa halitta tsarkinta an baza ta a kasuwa kamar haja. Lissafi ma yana bayanka. Iskar kabon a sararin sama ta tashi daga 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa sama da 420, kuma rabon Afirka kaf a hayaƙin da ake fitarwa duk shekara bai wuce 4 cikin 100 ba. Kurɓi shayinka, wannan karon ka ci.

Sai dai fa laifi tudu ne. Su Turawa sun rubuta falsafarsu a littafi, mu tamu a baki take, kuma kalma ɗaya ce tak: banza. Daji na banza ne, kwata ta gwamnati ce, rafi ba na uban kowa ba. Ranar Juma'a liman ya gaya mana ɗan Adam halifa ne a bayan ƙasa, amana aka damƙa masa, mu gyaɗa kai har da "na'am". Muna fitowa mu tsotse fiya wata mu wurga ledar a kwata. Damina ta sauka, kwata ta toshe, ruwa ya shigo ɗaki ya yi gaba da katifa, sai a ɗaga hannu sama: "Ikon Allah!" Ikon Allah ne, wa ya isa ya musa? Ledar fa, ta wa ce? (Kada ku harare ni, ni ma an sha kama ni.)

Kuma kada wani ya ce talaka ba shi da sukunin wannan tunani. A farkon shekarun 1980 gonakin Maradi sun zama fili fetal. Itace na gwamnati ne, ɗan gandun daji na cin tarar wanda ya taɓa shi, to wa zai yi renon ɗan da ba nasa ba? A 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya, ya lura kututturan da ke gonaki da ransu, saiwarsu na nan a ƙasa. Manoma suka fara barin toho mai ƙarfi suna rage sauran, abin da suke kira sassabin zamani. Da aka sakar wa manomi itacensa ya zama nasa, gawo ya dawo, har ana ƙiyasta hekta miliyan 5 sun farfaɗo a kudancin Nijar. Gatarin nan dai shi ne, hannun ma shi ne, kuma ba su jira taron sauyin yanayi na Faris na 2015 ba.

Malam na ƙarshen benci, na ga ledar burodin nan a hannunka, na kuma ga inda kake satar kallo. Sa ta a aljihu.