Ladubban Zanen Mutane, ga Almajiran Jazira da Bakin Shuɗin Nilu

Ka sani, ya ɗana, Allah ya yi maka buɗi, duk yaron da ya tashi a Maiwurno, ko a ɗaya daga cikin kambunan da ke jere a gefen magudanan ruwan Jazira, ya ji hannunsa na ƙaiƙayin zana mutane, har ya fara ɓata bangon zaure da gawayi yana shan rankwashi, to, ya mallaki rabin kayan sana'ar tun bai sani ba, domin ya zauna a halwa, wato makarantar allo, ya feƙe alƙalamin kara, ya dama tawada da baƙin tukunya da ƙaro, wannan ƙaro da ƙasar Sudan ta fi kowace ƙasa fitar da shi zuwa kasuwannin duniya. Ɗaya rabin kuwa ido ne, kuma a kansa wannan nasiha za ta fi tsayawa.

Amma kafin ka ja layi ɗaya, wajibi ne ka kawar da shubuha, don kada a tare ka a ƙofar masallaci ka tsaya kana inda-inda. Fuƙaha'un mazhabarmu ta Malikiyya sun rarrabe tsakanin sura mai inuwa, cikakkiyar gaɓoɓi, irin wadda ake sassaƙawa, wadda suka haramta, da zanen da ke kwance a takarda, wanda suka tsayar da hukuncinsa a karhanci ko saɓa wa abin da ya fi. Akwai kuma malaman da suka tsananta fiye da haka, kuma girmama su dole ne. Saboda haka ka je wa malaminka da dabino da ladabi, ka durƙusa ka nemi fatawa, ka bi abin da ya faɗa maka. Sharaɗi ɗaya na gindaya maka: kada hujjar da za ka fara miƙa masa ta zama zanen fuskarsa, ko da ya yi kyau, balle in hancin ya ɗan zarce.

In ka sami izini, sai ka fara da awo. Ibnu Muƙla, wazirin Bagadaza wanda ya rasu a 940, ya tsayar da ƙa'idar rubutu bisa ɗigon alƙalami, ya ƙayyade tsawon alifi da ɗigo, sa'an nan ya auna sauran haruffa da alifin. Haka masu zane suka ɗauki kai ya zama ma'aunin jiki. Baligi matsakaici kai bakwai da rabi ne daga tsakar ka zuwa diddige, jariri ɗan shekara kuwa wajen kai huɗu, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa in ka zana yaro da awon babba, sai ya fito maka dattijo gajere wanda bai sami gemu ba. Idanu a tsakiyar kai suke, ko da yake kowane mai koyo yana rantsuwa a goshi ya gan su. Kunne yana tsakanin gira da gindin hanci. Gwiwar hannu tana daidai ƙugu, yatsu kuma su sauka tsakiyar cinya. Rawani ba ya cikin lissafin nan, gama immar da dattijon Madani ke naɗawa ranar Juma'a tana iya ƙara masa kai guda cur, kuma in ka haɗa ta cikin awo, za ka wayi gari ka ba bawan Allah ƙafafun zalɓe.

Allah ya ji ƙan mai koyo a ƙasar nan da ya sa maza suke sa jallabiya, domin tana rufe gwiwa da ƙwauri da duk wani kuskuren da ke tsakaninsu. Sai dai ina yi maka gargaɗi, kada ka mayar da rahama ta zama mafakar lalaci, saboda rigar da babu kafaɗa da ƙugu a ƙarƙashinta ba ta tsayuwa a takarda, kowa ya gani zai ce shanya ce aka manta a igiya. Ka tafi inda aiki ke sa mutane tuɓe riga: wurin masunta a ƙasan madatsar Sinnar, lokacin da suke jefa birgi, da hawasha, wato gona, ranar ban ruwa, inda manomi ke tsaye cikin ƙaramar magudanar da ake kira Abu Sitta, laka har gwiwa, yana buɗe wa ruwa hanya. Can za ka ga yadda allon kafaɗa ke motsi, da yadda nauyin jiki ke komawa kan ƙafa ɗaya. Kai dai ka zauna a kan tudu, kada ka tsoma ƙafa, domin ruwan magudanan nan da tsargiya yake tafe, kuma ba a taɓa jin ta ƙara wa kowa gwaninta ba.

Yanzu ga babbar magana. Na ga samari da yawa masu baiwa suna sunkuye a kan waya dare da rana, suna kwaikwayon zanen mutanen Japan, masu idanu rabin fuska da haɓa mai tsini, har in aka ce su zana mai kayan miya na kasuwar garinsu, sai su fito da wata halitta da ba a taɓa gani ba tsakanin Damazin da Hasahisa. Kwaikwayo ba laifi ba ne ga mai koyo, da shi hannu ke faɗawa, amma wanda ya tsaya nan ya yi asara babba, domin fuskokin da ke kewaye da shi babu irinsu a littafin kowa. Ku jikokin mutanen da suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno ne bayan an kashe mahaifinsa, Sarkin Musulmi Attahiru, a Burmi cikin 1903, suka yi ta gabas har suka kafa gari a bakin Shuɗin Nilu wajen 1906. Ku jikokin mahajjatan ƙasa ne da suka taso daga Kano da Katsina da Damagaram, guzuri ya ƙare, suka tsaya tsinkar auduga bayan an gama madatsar Sinnar a 1925, tsayawar da ta zama zama. Dattijon da zai gaishe ka da Larabcin Jazira, ya juya ya yi wa jikansa faɗa da Hausar Sakkwato, yana sanye da markubu a ƙafa, da bille a kunci, ba za ka same shi a waya ba, sai a inuwar rakuba. In ka naɗa masa rawanin fadar Kano mai amawali da kunnuwa biyu, ka zalunce shi. In ka ja masa tsaga uku a kwance irin ta ƙabilar Shaigiyya, ka canja masa dangi, kuma 'ya'yansa za su zo neman bayani.

Kada ka ɗauka ƙauyanci nake koya maka. Ibrahim Salahi, wanda aka haifa a Umdurman a 1930, ɗan malamin makarantar allo, ya je har London ya yi karatu a makarantar zane ta Slade, ya komo a 1957 da gwaninta irin ta Turawa, ya baje ayyukansa, sai ya ga mutanen garinsu ba su kula ba. Da ya bincika abin da suke ratayewa a ɗakunansu, sai ya koma wa harafin Larabci da adon da idonsu ya saba da shi, kuma ta wannan hanya ce sunansa ya kai har gidan Tate Modern ya shirya masa baje koli na musamman a 2013. Usman Waƙiyallah, gwanin haɗɗi, ɗan Rufa'a ne, nan bakin koginku. Zayyanar da ake yi wa allonka ranar sauka, da jan layinta da korenta, ita ma makaranta ce ta tsara fili da daidaita launi.

Wurin zama mafi albarka ga mai zane shi ne gefen mai shayi a kasuwa, inda mutane ke zama tsawon lokaci ba tare da sun san ana kallonsu ba. Ka sayi kofi ɗaya don halacci, ka ƙara na biyu in zaman ya yi tsawo, gama kujerar baiwar Allah ba wakafi ba ce. Ka ba kowane mutum daƙiƙa talatin: layi ɗaya na gadon baya, da kafaɗa, da inda nauyi ya zauna, gemu da tasbaha su jira. Daga nan ka matsa wurin mai agashe, domin hannu shi ne jarrabawar da ke kayar da gwanaye, kuma babu hannun da ya fi nasa magana, yana tsira nama, yana barbaɗa ƙuli da yaji, yana fifita, yana karɓar kuɗi, duk a numfashi ɗaya. Ka tuna tafin hannu da yatsu suna rufe fuska daga haɓa zuwa goshi, ka daina ba ƙarti hannun jarirai. Na san Shaiɗan zai raya maka ka cusa hannuwan kowa cikin aljihu, musamman da yake jallabiyar Ansaru tana da aljihu gaba da baya; ka nemi tsari, ka ƙirga yatsu biyar. In kuwa ka ci agashen, ka wanke hannu kafin ka taɓa takarda, domin mai ba ya gogewa, kuma yana gayyatar kiyashi.

Sa'an nan ka rarrabe tsakanin zana kamannin wane da ƙirƙirar ɗan labari, wanda za a gan shi a shafi ɗari a gane shi ko ya juya baya. Malamanmu sun daɗe suna karanta Muƙamar Hariri don lugga, amma kaɗan ne suka san cewa a 1237 Yahya Alwasiɗi ya kwafe littafin, ya ƙawata shi da zane, ya nuna Abu Zaidi Assaruji, wannan tsoho mai zaƙin baki, a masallaci da kasuwa da gaban alƙali, kuma kwafin yana ajiye a Paris har yau. A nan gida, mujallar yara ta Assibyan, wadda aka fara bugawa a 1946, ta raini zuriya bayan zuriya da Ammak Tango, wanda Sharhabil Ahmad, mawaƙin nan, ya shafe shekaru yana zanawa. Kai ma kana da naka suna jira: Gizo da Ƙoƙi, waɗanda suka ƙetaro Wadai da Darfur a bakin kakanninku mata, da Malam Zurƙe na Ruwan Bagaja, littafin da Abubakar Imam ya rubuta don gasar 1933. Ka ba kowanne alama guda wadda ba ta rabuwa da shi, ko karkatar hula, ko tumbi, ko irin takunsa, kuma ka samo alamar daga mutum mai rai: kafaɗar wannan, girar wancan, tafiyar direban raksha. In kana son hukunci na adalci, ka cike surar duka da baƙar tawada har ta zama inuwa, ka nuna wa ƙaramar ƙanwarka; in ta ce Gizo ne, ka yi hamdala, in ta ce tulu ne, ka wanke allo.

Game da waɗanda ya halatta ka tsawaita wa hanci, al'ada ta riga ta yi maka rabo. Kakanka halal ne, kakarka ma haka, domin wasan jika ya ba ka lasisi. Taubashinka kuwa ka yi masa kunnuwa yadda ka ga dama. In kai Bafillace ne, Babarbaren unguwarku yana hannunka, shi ma kana nasa. Surukinka haramiyarka ne har abada, haka limami, haka mai kantin da kake cin bashi wurinsa. Mata kuma ba a zana su sai da izini. In an ba ka, ka lura da yadda tobi ke zagaye jiki ya haye kai, da yadda hannu ɗaya kullum yake gyara shi, domin a nan rayuwar zanen take. Tsofaffi dai ka gaggauta zuwa gare su, ka zauna ka zana su da natsuwa, tsaga da tsaga, domin zamani ya daina yin tsagar, kuma yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya warwatsa gidaje da yawa na Jazira da Sinnar, har akwai jikokin da ba su da hoton kakansu ko ɗaya. Ka ce, "Habboba, ki ɗan dubi ƙofa." Za ta ce, "Kai, miji, me za ka yi da wannan tsohuwar fuska?" Ka yi shiru ka ci gaba, za ta gyara zama da kanta.

Jaki ma ka ba shi haƙƙinsa, tunda babu labarin ƙauye da zai tafi ba tare da shi da amalankensa ba, kuma ya fi kowa haƙurin tsayawa. Ka lura abin da ke lanƙwasawa baya a ƙafarsa ta baya diddige ne, gwiwar tana can sama kusa da ciki. Akuya kuwa abokiyar gaba ce, tana cin takarda ba ta tambayar wanda ya zana. Gara tana bi ta ƙasa, guguwar habubu tana bi ta sama, saboda haka ka ajiye ayyukanka cikin akwatin ƙarfe, ka ɗora a kan gadon angarib, ka rubuta kwanan wata a bayan kowanne.

Ranar da ka nuna wa kawunka zanensa, ya juya shi sama da ƙasa, ya ce, "Yaro, wannan bakin ba nawa ba ne," kada ka yi musu, kada kuma ka kira shaidu, ko da duk zauren na ƙunshe dariya saboda sun gane shi tun daga nesa. Ka sunkuyar da kai ka ce, "Gaskiya ne, Kawu, kama da wane ba ta wane." In ya naɗe takardar ya sa a aljihu ya ce zai kai wa Inna ta gani, to, kada ka tambaye shi ladan aiki a ranar, ka bari sai bayan an sayar da auduga.